Wankin tapi: inji ne na ƙarshen saye

  

Ranar kasuwar da ta wuce, sakatariyar wata ƙungiya ta nan cikin garin Filinge ta tare ni wajen masu kayan miya. Bayan mun gaisa sai ta fiddo waya ta ce, "Yaya, dubi wanga abu." Bidiyo ne ɗanta ya turo mata ta WhatsApp: wani saurayi a Yamai yana wankin tapi da inji, ruwa na fita da ƙarfi, dauɗa na gudu gabansa. Ta ce ƙungiyarsu ta yanke shawara za su ɗauki jikka 150 cikin akwati su sayo irinsa kafin azumi. Abin da take so in gaya mata kawai shi ne wane iri ya fi.

Na ce mata ta ba ni mako guda, zan amsa a nan, don na san ba su kaɗai ke da wanga tunani ba. Sana'ar tana da kyau, ban hana kowa ba. Yau ɗakin amarya ba ya cika sai da tapi, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke cewa kafet. Masallatai sun shimfiɗa dogayen dardumai. Masu ba da hayar rumfa da shimfiɗu na buki da suna da zaman makoki kullum kayansu cikin ƙasa suke. Ga gidajen ma'aikata da ba su da lokacin wanki. Aiki akwai. Amma amsata ita ce: cikin kayan wannan sana'a, inji ne ya kamata ya zo ƙarshe. Ga dalilina.

Abin da ya same mu

Shekara 3 ke nan, ƙungiyarmu ta yi abin da waɗannan ke shirin yi. Ni ce ma na fi kowa zaƙewa, ba zan ɓoye ba. Munka ɗauki bashi cikin akwati, munka aiki wani ɗan uwa Yamai ya sayo mana injin feshin ruwa na hannu. Mai sayarwa ya kunna masa shi minti guda, ya yi ƙara, ya ce lafiya lau yake.

Ranar da ya iso har guɗa anka yi. Munka jona shi da ƙaramin gurup na maƙwabci, gurup ya yi tari ya mutu. Munka kwashi kaya zuwa gidan wata ƴar ƙungiya mai kuran. Nan ya tashi, amma kafin mu gama tapi na biyu tano ya ƙafe ƙaf. Munka koma ɗebo ruwan rijiya muna zuba masa yadda yake, da rairayinsa. Cikin mako na uku ya daina feshi. Mai gyaran moto ya duba ya ce ba aikinsa ba ne, mai gyaran rediyo ya ce shi ma haka. Har yau injin yana ƙarƙashin gadona.

Inji ya kwanta, bashi bai kwanta ba. Da sanda da buroshi da hannuwanmu munka biya shi, kuma ranar rabon akwati kason kowace mace ya ragu. Akwai wadda ta sa rai da kuɗinta za ta cika kayan ɗakin ɗiyarta. Ba ta ce mini komai ba, ta dai ƙirga ta ƙulle a bakin zane. Wannan shirun nata ya fi mini zagi ciwo. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Tun da anka fara tsarin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi cikin 1991, ƙarfin akwati bai taɓa zama yawan kuɗi ba. Ƙarfinsa shi ne kuɗin na fita yana komowa kan lokaci. Duk kayan da zai riƙe kuɗin akwati bai maido ba, ya taɓa haƙƙin mace 25 ko 30, ba na mutum guda ba.

Tambaya ta fari: ruwa

Kowane injin feshi yana da takarda ko ɗan allo a jikinsa da ke faɗin yawan ruwan da yake sha. Ƙananan na gida suna shan wajen lita 6 cikin minti guda, wasu sun fi haka. Ku yi lissafi da ni. Bido mai lita 25 zai ƙare cikin minti 4. Tano mai lita 200, wato bido 8, ba zai wuce rabin awa da kaɗan ba. Wanda kunka gani a bidiyo tiyonsa na jone da pompo, bai san ruwa na ƙarewa ba. Ke da za ki saya hannun ga-ruwa, ko ki ja da guga, ke kin sani.

Mu a cikin Dallol Boso mun gode Allah, a wurare da dama ruwa ba ya da nisa ƙarƙashin ƙasa. Amma ruwan rijiya yana zuwa da rairayi, kuma rairayi ne ajalin famfon inji. Wasu rijiyoyin kuma ruwansu na da kanwa ko gishiri. Irin wannan yana barin farin tabo bayan tapi ya bushe. Kafin ku sa kuɗi ko'ina, ku wanke ƙaramar sallaya mai duhun launi da ruwan da za ku riƙa aiki da shi, ku shanya, ku duba.

Ku kuma yi tunanin inda ruwan wanki zai tafi. In kunka sake shi kan hanya, kun sayi faɗa da maƙwabta kun kuma gina wa sauro gida. A haƙa rami a cika da duwatsu, nesa da rijiya. Tun da ruwanmu kusa yake, abin da munka zubar ma ba ya da nisan komowa cikin tulunmu.

Tambaya ta biyu: kuran

A jikin injin za ku ga lamba da harafin W bayanta. Ƙarfin wutar da yake ci ke nan. Injin feshi na gida yakan ci 1400 W zuwa 2000 W. Injin zuƙar ƙura yakan ci 1000 W zuwa sama. Ƙaramin gurup irin na cajin waya da kunna telebijin ba ya kai 1000 W, shi ya sa namu ya mutu. Kuma inji ya fi jan wuta lokacin tashi, don haka gurup ɗin da zai ɗauke shi sai wanda ya kai 2500 W ko fiye. Wannan kuma wani kuɗi ne, da mansa na kullum. Faranti guda na hasken rana da batir da ke kunna ƙwai ba za su ɗaga shi ba.

Akwai wata lamba mai harafin V. Kuran na NIGELEC 220 V ne. Kayan hannu da ke fitowa daga Amurka na 110 V ne, in kinka jona shi kai tsaye ya ƙone nan take. Wanda za ku aika ya karanta wannan da idonsa.

Sannan ruwa da kuran ba su ga maciji. Mace tsaye ba takalmi kan jiƙaƙƙen siminti, ga wayar wuta mai ɗauri kwance cikin ruwa: wannan ba asarar kuɗi ba ce, asarar rai ce. In har za a yi aiki da inji, waya ta bi ta sama, mai aiki ta sa takalmin roba, yara su yi nesa.

Tambaya ta uku: shanya

Ga abin da bidiyo ba ya nunawa. Wanki rabin aiki ne, bushewa ce sauran rabin. Tapi mai kauri in ya jiƙe sai mace 3 ko 4 su ɗaga shi. In ya kwana biyu da danshi sai ya fara wari, hunhuna ta kama bayansa, mai shi kuma ba za ta sake kawo miki ba. Za ta ma gaya wa duk wadda ta zo mata barka.

Rana ita ce babban injinmu, kuma ba a biyan ta. Amma kowane lokaci da halinsa. Cikin hunturu kaya na bushewa da sauri, sai dai iska na maido da ƙurar da kinka fidda, don haka a duba sama kafin a jiƙa. Cikin bazara bushewa ba wuya, ruwa ne ke tsada. Cikin damina kuwa, kun san yadda guguwar ƙura ke riga ruwan sama isowa: wadda ba ta da tampol da inda za ta ruga da kaya ta yi aikin banza. Ku tuna kuma azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ke nan lokacin cinikinku mafi yawa ba ya tsayawa cikin yanayi guda.

Kayan da za a fara da su

In ni ce ke riƙe da kuɗin yau, ga yadda zan jera saye.

Na fari, daɓen siminti mai ɗan gangara, wanda zai ɗauki babban tapi a shimfiɗe, kamar mita 3 da mita 4. Wanki bisa ƙasa wankin laka ne. In siminti bai samu ba tukuna, tampol mai kauri ya riƙe ku.

Na biyu, wurin rataya: ginshiƙai biyu masu ƙarfi da ƙarfe ko azara a gicciye, tsayin da ya wuce kan mutum. Maƙeri ko mai walda na gari zai yi shi. A shafe ƙarfen da fenti don kada tsatsa ta ɓata kayan mutane. Amfaninsa biyu: nan ake bugu, nan ake shanya.

Na uku, sandunan bugu masu santsi da tsintsiya mai tauri. Kada ku raina su. Mafi yawan abin da ke cikin tapi a ƙasar Kurfai busasshen rairayi ne. In anka rataya anka buge shi ta baya har ƙura ta daina fita, an yi babban aikin ba a taɓa ruwa ba. In kinka zuba ruwa kafin bugu, kin kwaɓa laka da hannunki. Mai bugu ta rufe hanci da baki, mai asma kuma a ba ta wani aikin.

Na huɗu, tano 2. Guda a cika shi tun dare rairayi ya kwanta, a ɗebi na sama. Guda na ɗauraya. Da bokiti 3 ko 4.

Na biyar, buroshi iri biyu masu dogon hannu don bayanmu: mai tauri na tapin roba da tabarma, mai laushi na darduma mai gashi. A ware buroshi da bokiti na kayan masallaci daban, kada a haɗa su da na ɗakin yara. Liman in ya ji haka zai natsu. Ɗaurayar ƙarshe kuma da tsabtataccen ruwa zalla ake yin ta.

Na shida, abin jan ruwa, wato katakon nan mai bakin roba da ake share siminti da shi. Shi ne ke matse ruwan sabulu daga cikin gashin tapi. A ja shi ta inda gashin ya kwanta. Bayan nan a naɗe tapi a jingine shi tsaye ya tsane, sannan a rataya, bayansa na kallon rana don kada launi ya koɗe.

Na bakwai, safar hannu ta roba, da farin ƙyalle, da kaye da bik.

Na takwas, abin ɗauka. Ba sai kun sayi amalanke ba, ku yi yarjejeniya da mai amalanken jaki guda da kunka yarda da shi. Zuwa ɗauka da maidowa har gida shi ne abin da zai sa a zaɓe ku, don wahalar ɗauka ce ke sa mutane barin tapi shekara bai ga ruwa ba.

Duk waɗannan ana samunsu a Filinge ko Baleyara, kuma ba wanda zai lalace ya ce sai an kai shi Yamai.

Sabulu da tabo

Kafin ruwa ya taɓa kayan mutane, gwaji biyu. Ki jiƙa farin ƙyalle da ruwan sabulu ki danna a gefen tapi. In launi ya fito a ƙyallen, zai zuba: ki gaya wa mai shi tun kafin, ko ki mayar mata. Na biyu, ki ciri ɗan zare ta baya ki kusanta shi da ashana. In ya narke ya dunƙule kamar leda, na roba ne, yana jure wanki. In ya yi warin ƙonannen gashi ya zama toka, ulu ne, sai a lallaɓa: ruwan sanyi, sabulu kaɗan, ba kanwa, ba jabel. Jabel na cinye ulu yana kashe launi. Kuma kada a taɓa gauraya jabel da binega, hayaƙinsu guba ne.

Garin sabulu kaɗan ya isa. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba, ruwan ɗauraya kawai yake ci, kuma sabulun da ya rage cikin gashi shi ke kama sabuwar ƙura. Jini da ruwan sanyi ake fidda shi, ruwan zafi dafa shi yake. Warin fitsarin yara, bayan ɗauraya a sa farin binega kofi 1 cikin ruwa kofi 3, a sake ɗaurayewa. Tabon lalle da tsohon tabon goro da wuya su fita duka. Ƙunar garwashin turaren wuta ko na shayi kuwa ba dauɗa ba ce, ba injin da zai wanke ta. Ki nuna wa mai kaya waɗannan tun a ƙofar ɗakinta, ki rubuta cikin kaye: sunanta, launi, girma, tabo da yagewar da kinka tarar. Wannan rubutun ya raba mu da rigima ba sau ɗaya ba. Ga ranar karatun manya da munka yi.

To yaushe za a sayi inji?

Na san wata za ta ce, "Shugaba, so kike mu tsufa da sanda a hannu?" A'a. Baya na ciwo, ni ma nawa na yi. Amma inji ba ya kawo masu kaya, sauri kawai yake ƙarawa ga aikin da ya riga ya samu.

Mu ƙaddara kun ɗauki jikka 100, kuma dokar ƙungiyarku ita ce a ɗora 10 bisa 100 kowane wata, kamar yadda da yawa cikinmu ke yi. Jikka 10 ke nan duk wata, uwar kuɗi ba ta motsa ba. In abin da ke rage muku kan kowane tapi, bayan ruwa da sabulu da amalanke, jikka 1 ne, to tapi 10 na farko kowane wata na akwati ne. Makon salla za ku same su. Watan da ya biyo baya fa?

Don haka ku yi wata 3 ko 4 da hannu kuna rubutawa. In kaye ya nuna kuna mayar da aiki don ya fi ƙarfinku, ba sau ɗaya ba, lokaci ya yi. Ku saya da ribar da kunka tara, ko aƙalla rabin kuɗin ya fito daga cikinta.

Kuma na farkon da zan zaɓa ba mai feshi ba ne, mai zuƙa ne: injin da ke zuƙar ƙura da ruwa duka, mai kama da ƙaramin tano bisa ƙafafu. Shi ba ya ƙara muku kuɗin ruwa, yana fidda rairayi kafin wanki, yana tsotse ruwa bayan wanki, kaya su bushe da wuri. Da shi ne za ku iya aikin moket ɗin da anka manne a ƙasa, wanda ba ya ɗaguwa. Ku tabbata na ruwa ne, don mai zuƙar ƙura kaɗai in ya sha ruwa ya ƙone, yana iya jan mutum ma. Akwai kuma babban da ke fesa ruwan sabulu ya sake zuƙe shi. Yana aiki da kyau, amma yana da tsada kuma sabulunsa daban ne, marar kumfa. Wannan a bar shi sai gaba.

Mai feshi kuwa, in anka kusanta bakinsa yana tsinke gashin tapi yana ɓare bayan moket. In babban aikin masallaci ya faɗo muku, ku yi magana da mai wankin mota da ke da irinsa, ku biya shi na yini guda. Lalacewa tasa, riba taku.

Ranar saye, ko a kasuwar Katako ne ko a kanti, mace 2 daga cikinku su je, kada a aiki mutum guda. A kunna shi da ruwa minti 15 a gabanku, ba minti guda ba. Ku tambayi inda ake samun tiyo da matatarsa, ku je ku gani da ido. Ku karɓi takardar saye mai kwanan wata. Kafin ma ku tashi, ku nemo wanda zai iya gyara shi a nan gida, don tsakaninmu da Yamai wajen kilomita 180 ne, kuma kun san tafiya ba ta da sauƙi yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin zama mai zuwa

Ga abin da nake roƙon ƙungiyar da ta yi tambaya, da duk mai irin niyyarsu. Ku ɗauki tapin ɗaya daga cikinku ku wanke da hannu. Sakatariya ta rubuta bido nawa ya ci, sabulu na nawa, mace nawa, awa nawa, da lokacin da ya bushe. Sannan ku rarrabu cikin unguwa ku tambayi gida 20, da liman, da mai hayar rumfa: za ku ba da wanki, kuma nawa za ku iya biya? Ku kawo amsar gaban akwati a karanta kowa ta ji, kafin masu mabuɗi su buɗe.

Wadda ke son ganin injin da jikka mai yawa ta saya kuma, ƙofata buɗe take. Zan jawo mata shi daga ƙarƙashin gado.

Allah ya sa albarka cikin neman kowa, ya tsare mana amanar juna. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.